Sauran Kawu Barmo

Shekara goma sha tara ke nan
da Kawu Barmo ya jingine fartanya jikin suri,
ya ce ƙuduji ya riga shi cin dawar,
gonar ta gaji, a bar ta ta yi barcinta.
Damina biyu bayan nan, shi ma ya kwanta.

Yau na sauka Gashiga daga Garwa
da igiyar awo a kafaɗa.
Mai auduga ya yi tayi, dangi sun ce in duba.
Na zo neman fili,
sai na tarar da gari cike da masu gida.

Tumfafiya ce ta fara zuwa, in ji Goggo Dudu,
ita da ba ta ƙyamar ƙasar da kowa ya raina.
Bayanta sabara.
Ita wannan ba zuwa ta yi ba, tashi ta yi:
duk shekarun da Kawu ke sare ta
saiwarta na ƙasa tana lissafi.
Kututture ɗaya, tsiro arba'in,
ka ɗauka jama'a ce, ashe mutum guda ne
ya miƙo hannuwa ta ƙofofi da yawa.

Kalgo ya biyo ta da ganye kamar kofaton raƙumi.
Su biyun suka tare iska,
suka riƙe ciyayin da ruwa zai kwashe,
gara ta shiga ƙarƙashi tana tauna, tana mayarwa,
har fako ya yi laushi,
har gamba ta samu wurin tsayawa.

Na durƙusa zan kafa turken farko,
sai ga kirya,
ba ta kai gwiwata ba.
Wata saniyar Hamajoɗa ce ta kawo ta a ciki,
ta ajiye ta cikin kashi a inuwar sabara,
ta wuce ba ta waiwaya ba.
Kirya ba ta gaggawa.
Wutar daji ta bi ta nan sau nawa, ban sani ba,
ga baƙin tabo a ƙafarta,
ga sabon ganye a kanta.
Turmin da za a sassaƙa da ita,
mai daka a cikinsa ba a haifi uwarta ba.

Can wajen kwari marke sun yi cincirindo,
ba sa son zaman kaɗaici.
Inda inuwarsu ta yi kauri
sabarar da ta raine su ta fara ramewa,
ba ta kai ƙara wurin kowa ba.
Kauci ya ɗare reshe ɗaya,
baƙon da tsuntsu ya goge baki ya bari,
yana ci, ba ya noma,
amma furensa ne ƙananan tsuntsaye ke layi a kai.

Kan surin nan kuwa, inda fartanya ta jingina,
tsamiya ta fito.
Na tona da yatsa, na samu ruwan fartanyar,
tsatsa ta ci rabinsa,
saiwa ta ratsa ta tsakiyarsa ta wuce.

Gawo ɗaya ne ya san Kawu ido da ido.
Ga Agusta, kowa ya sha kore,
shi yana tsaye tsirara kamar mai fushi da ruwa.
Ganyensa na ƙasa, ya ba na ƙasa da shi.
Sai rani ya tuɓe kowa
zai sa rigarsa, awaki su taru.

La'asar ta yi, Tingilin ya fara shuɗi.
Wayata ta yi ƙara sau uku, mai auduga ne.
Igiyar tana nan a naɗe.
Goggo Dudu ta ce, "To, kadada nawa?"
Na ce ban gama gaisawa ba.